Tarihin Ƙa'idar Raba Daidai da Hana Nuna Bambanci a Tsarin Mulkin Nijeriya

Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan alkawura biyu da Tsarin Mulkin Nijeriya ya ɗaukar wa 'yan ƙasa. Na farko yana cikin sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, inda aka hana a tauye wa mutum wani hakki, ko a fifita shi a kan wani, saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko jinsinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Na biyu yana cikin sashe na 14(3), inda aka ce lalle ne a tsara gwamnatin tarayya da hukumominta yadda mutanen waɗansu jihohi ƙalilan, ko na wata ƙabila, ba za su mamaye su ba. Wannan na biyun shi ne ake kira ƙa'idar raba daidai. Duk wanda ya karanta sassan nan biyu a jere zai ga cewa ɗaya ya ce kada a tambayi mutum daga ina ya fito, ɗaya kuwa ba ya aikatuwa sai an tambaye shi. Manufata ita ce in bi sawun yadda aka yi suka haɗu cikin littafi guda, da abin da haɗuwar tasu ta haifar.

Tsoron Arewa da tsoron tsiraru

Asalin maganar giɓin ilmin boko ne. Mishan sun buɗe makarantar sakandare a Ikko tun 1859, alhali Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Turawan mulki sun taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakuna, su kuma ba su gina makarantun da za su maye gurbin ba. A shekarar 1957, ɗaliban sakandare a duk faɗin Jihar Arewa ba su kai 4,000 ba, na Kudu kuwa sun haura 28,000. Saboda haka akawu da ma'aikacin gidan waya da na jirgin ƙasa a Kano ko Zariya ko Jos, galibinsu mutanen Kudu ne. Da aka fara jin ƙanshin mulkin kai, sai shugabannin Arewa suka ga cewa in Bature ya tashi, wanda ke kusa da kujerarsa shi zai hau ta.

A taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka tsaya kai da fata a kan sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, har Sarkin Zazzau Ja'afaru, tare da goyon bayan Sarkin Katsina, ya nuna cewa in ba haka ba Arewa za ta nemi a raba ta da sauran ƙasar. Tsarin Mulkin 1951 ya ba Arewa kujeru 68 cikin zaɓaɓɓu 136, Gabas da Yamma 34 kowacce, sa'an nan ya ce a ɗauko ministoci huɗu daga kowace jiha. A ganina wannan ne karo na farko da aka rubuta rabon muƙami bisa yanki a cikin dokar ƙasa, shekara 28 kafin sunansa ya shiga tsarin mulki.

Bayan Tsarin Mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon mallakar ma'aikatanta, gwamnatin Sardauna ta ɗauki manufar mayar da ayyuka hannun 'yan Arewa. Ƙa'idar a fili take: in akwai ɗan Arewa da ya cancanta, shi za a ɗauka, in babu, a ɗauko baƙo daga waje bisa kwantiragi, ɗan Kudu shi ne na ƙarshe, shi ma bisa kwantiragi. Mutanen Kudu sun ɗauki wannan a matsayin wariya tsantsa, kuma ta fuskar mutum ɗaya da aka hana aiki, wariyar ce. Amma ya kamata a lura cewa manufar ta zo tare da horo. An faɗaɗa Makarantar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya, an tura matasa kwas Ingila, an buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Watau ana tsare gurbi ana kuma shirya mai cika shi. Za mu ga yadda daga baya aka riƙe rabin farko aka saki na biyu.

A aikin soja ma haka. A 1958 aka tsayar da cewa kashi 50 cikin 100 na kuratan da za a ɗauka daga Arewa za su fito, Gabas da Yamma kashi 25 kowacce. A 1961, lokacin Ministan Tsaro Muhammadu Ribaɗu, aka shimfiɗa wannan kaso a kan masu neman zama hafsoshi, domin a lokacin samun mulkin kai hafsoshin Arewa 'yan ƙalilan ne, ko da yake ƙananan sojoji yawancinsu daga Arewa suke.

Wancan tsoron manya ke nan a tsakaninsu. Akwai kuma tsoro na biyu, na ƙananan ƙabilu da ke cikin kowace jiha. Mutanen tsakiyar Nijeriya, irin su Tibi da Birom, suna tsoron mulkin sarakuna da kotunan alƙalai. Mutanen Kalaba da Ogoja da Ribas suna tsoron rinjayen Ibo. Mutanen Binin da Warri suna tsoron na Yarbawa. Duk jihohinsu na kansu suke nema. A 1957 gwamnatin Ingila ta naɗa hukumar bincike ƙarƙashin Sir Henry Willink, wadda ta zaga ƙasar ta saurari koke, ta kuma miƙa rahotonta a 1958. Hukumar ba ta yarda a ƙirƙiro jihohi ba. Maimakon haka ta ba da shawara a rubuta hakkokin ɗan Adam cikin tsarin mulki, aka kuwa ɗebo yawancinsu daga yarjejeniyar ƙasashen Turai ta 1950. Ta nan hana nuna bambanci ya shigo Tsarin Mulkin 1960, ya zarce cikin na 1963. An roƙi jiha, aka ba da takarda.

Akwai abubuwa biyu game da wannan sashe na farko da ba a cika ambata ba. Na ɗaya, bai lissafa jinsi cikin dalilan da aka hana bambanci a kansu ba, shi ya sa matan Arewa suka zauna ba su da ƙuri'a har zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, ba tare da an karya wata doka ba. Na biyu, an yi masa togaciya mai faɗi: bai shafi dokar da ta sa sharaɗi a kan ɗaukar ma'aikatan gwamnati ko sojoji ba, bai kuma shafi dokar mallakar ƙasa ba. Togaciyar nan ita ta kare manufar Sardauna da kason soja daga shiga kotu. Ƙofar da aka bari a buɗe ke nan tun ranar farko, kuma ɓangarenta na ɗaukar ma'aikata yana nan a sashe na 42(3).

Daga Dokar Soja ta 34 zuwa Tsarin Mulkin 1979

Abin da ya faru a 1966 kowa a ɗakin nan ya san shi, don haka ba zan tsawaita ba. Abin da ya shafi batunmu shi ne Dokar Soja ta 34 ta ranar 24 ga Mayu, wadda Janar Ironsi ya soke tarayya da ita ya haɗe ma'aikatan ƙasa wuri guda. Ma'aikacin Arewa ya fahimci cewa daga ranar za a auna shi da takwaransa na Kudu da takardar makaranta kaɗai, gurbin da aka tsare masa ya tafi. Kwana biyar bayan haka tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, aka kashe mutanen Gabas da yawa, sai juyin mulkin Yuli, sai kashe-kashen Satumba da Oktoba, sai yaƙin basasa. Jihohin da Willink ya ƙi ba da shawarar ƙirƙirowa, Janar Gowon ya yanka 12 a ranar 27 ga Mayu, 1967.

Mutanen da suka rubuta Tsarin Mulkin 1979 da wannan tabo suka zauna. Ranar 18 ga Oktoba, 1975, Janar Murtala Muhammed ya buɗe zaman kwamitin tsara daftari mai wakilai 49 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, a jawabinsa kuma ya nemi a samar da shugabancin da zaɓensa da naɗin ministocinsa za su nuna siffar ƙasar ta tarayya. Kalmomin nan su ne kwamitin ya ɗauka ya mayar ƙa'ida. Majalisar da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta ta yi muhawara a kan daftarin a 1977 da 1978, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1979.

Ƙa'idar ta ratsa littafin ta wurare da dama. An wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ministan ya zama ɗan asalin jihar. An ce rundunar soja ta nuna siffar tarayya. An ce shugabannin jam'iyya su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. An kuma ce ba mai zama shugaban ƙasa sai ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, sharaɗin da ya jawo shari'ar nan ta Awolowo da Shagari. Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12 cikin 19, a Kano kuwa ya sami kashi 19.94 cikin 100. Lauyansa Richard Akinjide ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli kuma ta amince ranar 26 ga Satumba, 1979. A sashe na 39 aka sake rubuta hana nuna bambanci, wannan karon da jinsi a ciki, aka kuma ƙara cewa ba za a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa ba.

Sai dai an sa babbar ƙa'idar raba daidai a Babi na 2, tare da alkawuran ilmi kyauta da kiwon lafiya da aikin yi, sa'an nan sashe na 6 ya hana kotu bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke cikin babin. Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba, waɗanda ke cikin kwamitin, sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu dabam, kuma cikin abin da suka nema har da a ba talaka ikon kai ƙara a kan irin waɗannan hakkoki. Gwamnati ba ta karɓi nasu ba. Abin da ya biyo baya shi ne, rabon kujerar minista ya zama wajibi da ba shugaban da ya isa ya tsallake, ilmin yaron ƙauye kuwa ya zama fata nagari.

Wane ne ɗan asali?

Nan ne, a nawa ra'ayin, aka yi babban kuskuren. Tsarin mulki ya yi amfani da kalmar ɗan asali bai fassara ta ba. Iyakar abin da ya ce, a sashe na 277 na 1979 wanda ya zama na 318 a 1999, shi ne mutum na wata jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin jihar. Ba a ambaci inda aka haife shi ba, ko shekarun da ya yi a gari, ko harajin da ya biya. Wace al'umma ce ta asali, tun daga wace shekara kuma za a fara ƙirga, wannan an bar shi a hannun shugaban ƙaramar hukuma, mai sa hannu a takardar shaidar ɗan asali. Ba kuwa a shiga jami'ar tarayya ko soja ko ɗan sanda ko aikin gwamnati sai da takardar nan.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa fahimtar nauyin wannan, domin mu mutanen fatauci ne da zango. Bahaushen Sabo a Ibadan wanda kakansa ya zo cinikin goro da shanu tun farkon ƙarni na 20 ba ɗan asalin Oyo ba ne, in kuma ya nufi Kano neman takarda sai a tambaye shi gidansu da mai unguwarsu, ya rasa amsa. Haka Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa. Ga su 'yan Nijeriya, amma ba jihar da za ta lissafa su cikin kasonta. Sashe na 15 na wannan littafin dai ya umurci gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken hakkin zama a duk inda ya so, ta kuma ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu. Amma sashe na 15 yana Babi na 2.

Jos ita ce misalin da ya fi ɗaci. Bayan ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wa ke da garin, tsakanin Birom da Anaguta da Afizere a gefe guda da Hausawa da Fulanin da suka zauna tun zamanin haƙar kuza a ɗaya gefen, ta koma tambayar wa zai ba da takarda, wa zai samu. Rikicin Afrilu 1994 a kan naɗin shugaban riƙon ƙaramar hukumar ya tashi, na Satumba 2001 ma gardamar naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci na cikin abin da ya share masa fage. Ƙirƙiro jihohi kuma ƙara yawan baƙi yake yi. Daga 12 aka koma 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Bakatsinen da ke aiki a Kaduna ya kwana ɗan gida ya tashi baƙo a 1987, haka mutumin Haɗeja a Kano a 1991.

Makarantu da kotuna

A fannin ilmi ne talaka ya fi haɗuwa da ƙa'idar. Tsarin da aka daɗe ana bi wajen shiga jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmi. Jihohin nan 23 ne, kuma ba na Arewa kaɗai ba ne kamar yadda ake zato, har da Ebonyi da Bayelsa da Ribas da Kuros Riba. A kwalejojin tarayya na haɗin kai kuwa kowace jiha da makin da ake yanke mata.

A 1988 wata yarinya 'yar asalin Jihar Ogun ta ci maki 293 a jarrabawar shiga waɗannan kwalejoji ba a kira ta ganawa ba, alhali an kira waɗansu daga wasu jihohi da ba su kai ta maki ba. Mahaifinta ya kai ƙara a madadinta bisa sashe na 39. Wannan ita ce shari'ar Badejo da Ministan Ilmi. Babbar kotu ta ce ba ta da hurumin kai ƙarar, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tana da shi, kafin magana ta ƙare a Kotun Ƙoli a 1996 an daɗe da gama ɗaukar ɗaliban, sai aka rufe shari'ar ba a taɓa ainihin tambayar ba. A 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Ikko, a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, ta ce bambancin makin ya saɓa wa sashe na 42. Amma hukuncin kotun farko ne.

Ƙasar Indiya ta gamu da irin wannan karo tun da wuri, ta kuma warware shi a rubuce. A 1951 Kotun Ƙolinta ta soke kason shiga kwaleji na jihar Madras domin ya saɓa wa sashen daidaito, a shekarar nan majalisa ta gyara tsarin mulki ta ce tanadi na musamman ga al'ummomin da aka danne halas ne. A 1992 kotun ta ƙayyade cewa kason kada ya wuce rabi, kuma a cire 'ya'yan masu hali daga cikin waɗansu rukunan masu cin gajiyarsa. Mu ba mu yi ko ɗaya ba. Ma'auninmu jiha ce, don haka ɗan babban sakatare da ya yi makarantar kuɗi a Abuja shi ke cinye gurbin da aka tsare da sunan yaron ƙauyen Zamfara ko Yobe, wanda ko ajin firamare bai gama ba balle ya zauna jarrabawar. Mu da ke koyarwa a kwalejojin horon malamai muna ganin wannan giɓi a rubutun ɗaliban da ke zuwa mana kowace shekara. Ƙiyasin da aka fi ambata na yaran da ba sa makaranta a Nijeriya ya haura miliyan 10, mafi yawansu a Arewa, bayan shekaru fiye da 40 ana raba daidai.

Hukumar raba daidai da maganar mata

Taron tsarin mulki na 1994 zuwa 1995 ya ba da shawarar kafa hukuma mai sa ido, gwamnatin Janar Abacha ta kafa ta a 1996. Abin mamaki, lambar dokar 34, daidai da ta Ironsi wadda ta nufi akasin haka shekara 30 kafin nan. Tsarin Mulkin 1999 ya shigar da hukumar cikin sashe na 153, ya ba ta ikon gurfanar da shugaban ma'aikatar da ya ƙi bin ƙa'ida. Lissafinta shi ne kowace jiha kashi 2.75 cikin 100 na ma'aikata, Abuja kashi 1, kada jiha ta gaza 2.5 ko ta wuce 3. Ke nan Kano mai mutum miliyan 9.4 a ƙidayar 2006 kasonta ɗaya da Bayelsa mai miliyan 1.7, dalilin da ya sa neman sabuwar jiha ba ya ƙarewa.

Duk wannan rabo bai san mace ba, bai san naƙasasshe ba. Naƙasassu sun sami dokarsu a Janairu 2019, wadda ta ware masu kashi 5 cikin 100 na ayyukan gwamnati. Mata kuwa sashe na 42 ya yi masu rana a kotu: a 2014, a shari'ar Ukeje, Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta. Amma a wajen muƙami ƙa'idar hukumar ta ce matar aure jihar mahaifinta za ta ci gaba da dogara da ita, ko da ta shekara 30 tana aiki a jihar mijinta. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara a kan haka, domin an haife ta 'yar Anambara, ta yi aure da aiki a Abiya, sai da Majalisar Dattawa ta sa baki. A Afrilu 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umurci gwamnati ta cika kashi 35 na muƙamai ga mata kamar yadda manufar ƙasa ta 2006 ta tanada.

Wata guda kafin wannan hukunci, ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a a kan gyare-gyaren tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Ɗaya daga cikinsu ya nemi a ɗauki mace a matsayin 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. Mata suka tare ƙofar majalisar kwanaki, Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga cikin ƙudurorin ranar 8 ga Maris, amma wa'adin majalisar ya ƙare a 2023 ba wanda ya zama doka a cikinsu.